Me ya sa katun ke sa babba kuka?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum. Daren Juma'a da aka kawo wuta na kunna wa yara The Lion King, tsohon na 1994, ni ina gefe ina tsinkar zogale. Da aka zo inda ɗan zakin ke tunkuɗar ubansa da goshi, yana jan kunnensa ya tashi, daga baya ya shige ƙarƙashin hannun gawar ya kwanta, wallahi sai hawaye. Babanmu na tuna, Allah Ya ji ƙansa. Ummi kuwa kurayen ne suka tsorata ta, ƙaninta ma dariyarsa yake yi. Don Allah mene ne a cikin zane da yake taɓa zuciya haka? Kuma in riƙa tsallake musu wurin ne?

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Baba. Hajiya, da gangan aka gina wurin. Gudun garken dabbobin nan da aka nuna dab da mutuwar uban bai kai minti 3 ba, amma sama da shekara 2 aka yi ana haɗa shi da kwamfuta. An cika miki kunne da ƙara da ƙura, sai kwatsam a yi tsit, a bar ki da muryar yaro yana kiran ubansa. Hans Zimmer, wanda ya tsara kiɗan har ya ci kyautar Oscar, shi ma yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, kuma ya sha faɗar cewa da wannan rashin ya rubuta kiɗan. Maraya ne ya yi wa maraya kiɗa.

Anti Bilki:
Kada ki tsallake. Mu da muka taso a gaban kaka, wace tatsuniya ce babu marainiya da kishiyar uwa? Ana ba mu, muna ƙanƙame juna a tabarma, gobe mu ce a maimaita. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kina kusa.

Ni abin da ya fi ci mini rai ma ba mutuwar ba ce. Baffan ɗan zakin, wanda ya kamata ya rungume shi, shi ya ɗora masa laifi ya ce ya gudu. Ina koyarwa a firamare, na ga yaran da iyayensu suka rabu suna zaton rashin jinsu ne ya jawo. Idan Ummi ta sake kallo, ki tsayar da fim ɗin nan, ki tambaye ta laifin waye. Ki saurari amsarta da kyau.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai. Anti, ban taɓa lura da wannan ba. Amma ƙaramin fa, shekararsa 3, shi ma in bar shi?

Anti Bilki:
Shi bai san ana yi ba tukuna. Ki dai rage sauti wajen kurayen, kuma da rana za ku kalla, kada ya kwana da su a ransa.