Musayar Waƙa: Da Me Za a Gyara Hankali?

Mai Tawada:
Assalamu alaikum. Ga tambayata, mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ra".

Hankalin mutum yakan rungumi abin da yake so,
Hujjar da ta saɓa masa, ita yake kora.
In fushi ya zo, ya ce ai kishin gaskiya ne,
In tsoro ya zo, ya raɗa masa suna hattara.
Ma'auni ne da shi kansa ya karkace,
To da me za a auna shi har a gyara?

Malam Ɗan Takarda:
Ɗan'uwa, magabata sun riga mu nan,
Hisabin dare shi ne farkon dabara.
Seneka, masanin falsafa a Rum, da an ɗauke fitila,
Matarsa ta yi shiru, shi kuma ya fara:
Me na faɗa yau, ina na wuce gona da iri?
Ba ya ɓoye wa kansa kome, ba ya barin saura.
Markus da ya hau gadon sarautar Rum a 161,
A sansanin yaƙi ma kansa yake wa ishara.
Muhasibi, malamin Sufanci a Bagadaza, haka ya koyar,
Ka tuhumi niyyarka tun ba ka makara.

Gimbiyar Baiti:
Allah gafarta Malam, ban gamsu ba tukuna,
Kai ne alƙali, kai ka shigar da ƙara.
Kai ake tuhuma, kuma kai ne shaida,
A wannan shari'a wa zai yi hasara?
Na fi karkata ga Razi, likitan nan,
Da ya bi sawun Jalinusu, likitan Girkawa, da basira:
Nemi mai hankali wanda ya san ka sosai,
Roƙe shi ya faɗi aibinka, ban da kara.
In ya faɗa, kada ka ɗaure masa fuska,
Yi masa godiya don gobe ya ƙara.

Dattijon Zaure:
'Yata, kin yi daidai, sai dai irin abokin nan
Samunsa da wuya, Gazali ma ya lura.
Wani hassada ke sa shi ƙara gishiri,
Wani ya ga ramin, ya bar ka ka zura.
Shi ya sa ya ce har zagin maƙiyinka,
Kada ka toshe kunne, tsaya ka saurara.

Gazali, wanda ya rasu a 1111, hanyoyi huɗu na gane aibin kai ya kawo: malami, aboki na gaskiya, bakin maƙiyi, da cuɗanya da mutane, duk abin da ka ƙi a wurinsu ka neme shi a kanka. Ta ukun ce ta fi ɗaci, kuma a ganina ta fi aiki.

Mai Tawada:
Baba, duk wannan bayan ɓarna ne,
Ina magani a daidai lokacin da aka tunzura?

Malam Ɗan Takarda:
Efiktetus, masanin falsafa wanda ya tashi yana bawa,
Ya ce zato in ya taso, ka ce masa jira.
Tambaye shi: abin nan yana hannuna?
In ba ya hannunka, kada ka ɗora.
Ba zagin ba ne ya ƙona maka rai,
Hukuncin da ka yanke a kansa ya kumbura.
Fara da ƙanana: ɗan mai ya zube,
Ko an ƙi amsawa bayan ka yi kira.
Sannan ƙirga ranakun da ba ka yi fushi ba,
In sun kai 30, ya ce yi godiya, an samu nasara.