Masuntan Danmak a 1943: ceto suka yi ko ciniki?

Mai-Nazari: Abin ya ishe ni. Littattafan ƙirƙira da dama da aka gina kan tserar da Yahudawan Danmak daga hannun Jamusawan Nazi da suka mamaye ƙasar zuwa Suwidin a Oktoban 1943 suna yaɗa abu biyu marasa tushe. Su sa Sarki Christian na 10 ya liƙa tauraro rawaya, alamar da 'yan Nazi ke tilasta wa Yahudawa sawa, a ƙirji, alhali ba a taɓa tilasta wa Yahudawan Danmak sa tauraron ba. Sannan su sa masunta suna fito da mutane fisabilillahi. Ciniki aka yi, jama'a, kusan kurona (kuɗin Danmak) 1,000 kowane kai.

Hajiyar Littafi: Malam, ka janye kalmar ciniki. Jirgin masunci shi ne gonarsa. In aka kama shi, jirgi ya tafi, shi kuma sai kurkuku, iyali su shiga uku. Ga man inji da ake samu da ƙyar a lokacin yaƙi. Ƙungiyoyin ɓoye sun tara kuɗi, masu hali sun biya wa marasa hali.

Mai-Nazari: Hajiya, an yanka farashi, an biya, an tashi. Me ake kiran wannan? A kwanakin farko wasu sun karɓi ninkin haka, sai da ƙungiyoyin suka shiga tsakani farashin ya sauka.

Ɗan Gaɓa: Ai lada ne, ba ciniki ba. Ku dubi aikin. Ana ɓoye mutane a gidajen bakin ruwa, wasu a asibitin Bispebjerg da sunayen ƙarya. Dare ya yi, a zuba su a rumbun kifi na cikin jirgi, a rufe, a jibga raga a sama. Ƙananan yara likita ke ba su maganin barci, don kuka ɗaya ya isa ya tona asirin kowa. Tsakanin Helsingør ta Danmak da Helsingborg ta Suwidin kilomita 4 ne kacal, amma daga wasu garuruwan tafiyar sa'o'i ce. Waɗanda suka shiga ƙananan kwale-kwalen tuƙi, wasunsu sun kife, an rasa rayuka.

Malam Tarihi: Ɗan'uwa, kana zuzuta haɗarin. Bajamushe ne ya fasa ƙwan: Georg Duckwitz, jami'in ofishin jakadancin Jamus, ya tsegunta wa ɗan siyasar Danmak Hans Hedtoft shirin kame Yahudawa ranar 28 ga Satumba, washegari malamin Yahudawa Marcus Melchior ya sanar a majami'ar Kofanhegan cewa kowa ya ɓuya. Da aka fito kame daren 1 ga Oktoba, yawancin gidajen wayam, kuma an hana 'yan sandan Jamus ɓalle ƙofa. Sintirin ruwa ma bai taka kara ya karya ba.

Hajiyar Littafi: Allah gafarta Malam, yanzu kuma wanke Jamusawa za a yi? Je ka Gilleleje, garin masunta a arewa da Kofanhegan. Daren 6 ga Oktoba Gestapo, 'yan sandan ciki na Nazi, suka kama mutum kusan 80 a benen cocin garin suna jiran jirgi. A duk ƙasar, kusan 470 aka kwasa zuwa sansanin gwale-gwale na Theresienstadt, fiye da 50 ba su dawo ba. Masuncin da zai tashi da daddare ta ina zai san sintirin ya yi sanyi?

Malam Tarihi: Ban wanke kowa ba, Hajiya, kada ki ɗora min.

Ɗan Gaɓa: Ka wanke mana. Kuma Suwidin da ake yabo don ta yi shelar karɓar su a rediyo ranar 2 ga Oktoba, ita ce dai ke sayar wa Jamus tama.

Malam Tarihi: Da ba ta buɗe ƙofa ba, ina jiragen za su sauke mutane? A tsakiyar ruwa?

Mai-Nazari: Har yanzu ba wanda ya taɓa maganar tauraron sarki.

Shugaban Zaure: Mu tsaya nan. Abin da ya fito fili: mutum sama da 7,000 sun haye cikin 'yan makonni, kuma masunta ne suka kai su. Hajiya da Ɗan Gaɓa sun kawo hujja cewa kuɗin lada ne, kalmar ciniki ba ta samu karɓuwa ba, ya kamata Mai-Nazari ya janye ta. Batun Duckwitz da Suwidin ya kauce wa taken zance. Mai son maganar tauraro ya buɗe mata nata zancen daban.