'Yan ga-ruwa da transfa: ta yaya kuɗinsu zai riƙa isa hannunsu?

Mai Shayin Mararaba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da teburin shayi a Mararaba, kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Tun canjin kuɗin farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo, asusuna na banki ya zama na unguwa. 'Yan ga-ruwa da masu wankin takalmi da 'yan dako, yawancinsu 'yan ci-rani daga Zamfara da Sakkwato, wasu daga Maraɗi, duk lambata suke bayarwa idan mai saye ya ce ba shi da tsabar kuɗi. Da dare su zo mu yi lissafi.

Ga abin da ke ci mini rai. Yaro zai turo kura cike da jarkoki, ya hau bene ya juye, sai a nuna masa fuskar waya a ce "ka gani, ya tafi". Ya yi karatun allo amma bai yi boko ba, dole ya yarda. Da dare mu duba, babu kuɗi. Ya koma, a ce masa matsalar sabis ce. Alhali kurar ta haya ce, mai rijiyar burtsatse kuma ba ya ba da ruwa bashi. Ni ma ina tsoron ranar da wani zai ɗauka ni na cinye. Don Allah wace hanya ce mafita?

Ɗan POS na Masaka:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da wannan amana. Mafita ta farko kowa ya buɗe nasa asusun. A manhajojin kuɗi na OPay da PalmPay lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa, kuma saƙon shigar kuɗi yana zuwa ko a ƙaramar waya. Sai dai tun Disambar 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu sai da BVN (lambar tantancewa ta banki) ko NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa). Rajistar NIN ta farko kyauta ce a hukumance, amma yini guda a layi ga ɗan ga-ruwa yini ne babu abinci. 'Yan Nijar kuwa tasu ta fi wuya, don ana neman shaidar izinin zama.

Kuma don Allah a daina ganin baƙinmu mu 'yan POS kan cajin cire kuɗi. Sau da yawa mu ma sayen tsabar muke yi a gidajen mai da wurin 'yan kasuwa.

Maman Ilham:
Ɗan'uwa mai POS, ba laifinka nake gani ba, amma a yi lissafi da gaskiya. Ma'aikacin da ke Wuse yana biyan komai da waya, ba ya ciro kuɗi sai jefi-jefi. Ɗan ga-ruwa kuwa duk abin da ya samu sai ya mayar da shi tsaba, domin mai kura da mai garau-garau tsaba suke karɓa. Ya biya caji a nan, idan ya aika gida mahaifiyarsa ta sake biyan wani cajin a ƙauye. Kuɗi ɗaya, yanka biyu, a kan wanda ya fi kowa ƙarancin samu. Wanda zai danna lambobin banki a ƙaramar waya ma akwai ₦6.98 da aka ɗora tun 2021, kuma zaɓin da ke fitowa da Turanci yake.

Ai sana'arku ma rashin adalcin ne ya haife ta. Bankuna da na'urorin ATM sun taru a cikin gari, mu da ke kwana a Nyanya da Mararaba da Masaka aka bar mu da rumfar POS.

Na mata ya fi muni, kuma ba a maganarsa. Ina koyarwa a Islamiyya, ina ganin 'yan mata masu aikatau da albashinsu ke shiga asusun matar da ta kawo su daga ƙauye. A da yarinya tana ganin kuɗin da idonta kafin a karɓe. Yanzu ko nawa aka biya ba ta sani ba. Duk uwar gidan da ke karanta wannan, ki ji tsoron Allah, ki gaya wa yarinyar adadin da kika tura, a gaban shaida.

Tsohon ɗan acaɓa:
Gaskiya ne Hajiya. Na yi acaɓa a Legas. Da gwamnati ta hana babura a manyan yankuna a Fabrairun 2020, kamfanoni irin su Gokada sun koma kai saƙo. Wa ya samu shiga? Mai babbar waya da lasisi, wanda zai iya bin taswira ya amsa kira da Turanci. Mu da muka fito daga Arewa da babur na bashi muka ci gaba da ɓuya a lunguna, har haramcin Yunin 2022 ya zo aka riƙa murƙushe baburan da aka kama.

Malam mai shayi, ka kula da kanka. Idan kuɗin sata suka bi ta asusunka, kai za a rufe wa asusu, kai za a nema. Ka sayi littafi, kowane yaro da shafinsa, ka rubuta da ajami yadda zai karanta da kansa. Sannan kada yaro ya juye jarka ko ɗaya sai ya kira ka ka tabbatar kuɗin sun shigo.

Mai Shayin Mararaba:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Littafin zan saya gobe in sha Allahu. Kiran ne zai yi wuya, don wasunsu layinsu a rufe yake tun da aka hana layukan da ba su da NIN yin kira a 2022. Ɗan POS, idan na tara su biyar-biyar mu tafi rajista bayan sallar asuba, sauran su riƙe musu kwastomominsu, a wace cibiya layi ya fi sauƙi a ɓangarenmu?