Ranar da 'yan wasa suka fara haɗuwa da jinsin da kuka ƙirƙira

Mai Taswira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu jan wasa, wato masu jagorantar labari a wasan tebur irin wanda kowane ɗan wasa ke ɗaukar matsayin wani jarumi a duniyar almara. Ina so kowa ya ba mu labarin abin da ya faru a teburinsa ranar da 'yan wasa suka fara cin karo da wani jinsi mai hankali da ya ƙirƙira wa duniyarsa ta almara. Nawa su ne Masu Kogo, halittun da ba su da idanu, suna gane juna da amon murya. Na rubuta tarihinsu tun daga sarkinsu na farko har zuwa rabuwarsu gida uku, amma da jarumai suka isa ƙofar birninsu, tambaya ɗaya aka yi mini: idan sun yi alkawari, suna cikawa? Da na ce a wurinsu alkawarin da aka yi da raɗa ba alkawari ba ne, sai an ɗaga murya kogo ya maimaita shi, nan take 'yan wasan suka fara ƙulla dabarar yin ciniki da su a fili, inda babu bangon da zai mayar da amo. Sunan sarkin farko kuwa har yau ba wanda ya nema.

Uwar Dodanni:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni abin da ya taso mini shi ne tsawon rai. A bugu na biyar na wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, elf (jinsin almara mai kama da mutum, mai tsinin kunne) yana iya kai shekara 750, dwaf (gajeren jinsi mai kauri) kuma kimanin 350. Labarina ya dogara ne kan wani yaƙi da aka yi shekara 300 da suka wuce, wanda aka ce ba wanda ya san musabbabinsa. Sai wata 'yar wasa ta ce, cikin natsuwa, ai mai masaukin da suka sauka elf ce tsohuwa, me zai hana a tambaye ta, tunda da idonta ta gani? Gaskiyarta ce, domin duniyar da wasu ke rayuwa ƙarni bakwai ba ta da ɓataccen tarihi irin namu, shaidu suna nan suna yawo.

A nan take na yanke cewa elf na duniyata ba sa riƙe abin da ya wuce shekara 200 a ka. Saboda haka kowannensu yana zana muhimman abubuwan rayuwarsa a kan ƙananan faranti na tagulla, ya jera su a igiya ya rataya a wuya. Tsohuwar ta laluba igiyarta a gabansu, ta nuna musu gurbin faranti huɗu da aka tsinke, ta ce ba ta san wanda ya cire su ba, wataƙila ma ita ce da hannunta. Daga nan wasan ya koma neman farantan, kuma da suka samo na farko suka yi ta gardama a kan ko ya dace a mayar wa mutum abin da ya zaɓi ya manta.

Ɗan Dayis:
Yaya, taki ta yi kyau. Tawa ta shafi jinsin da aka ce dukkansu mugaye ne. Jarumai sun kama wani ork (mayaƙin dodo mai kama da mutum) da rai, suka fara yi masa tambayoyi, kuma muddin halitta tana iya amsa tambaya, dole mai jan wasa ya samo mata dalilin abin da take yi. Na ce fari ne ya koro su daga tsaunuka, kuma masarautar da ta ɗauki jaruman aiki ita ce ta datse kogin. Ɗaya daga cikin 'yan wasan ya ajiye dayis ɗinsa (ƙwaya mai lambobi da ake jefawa, irin ta ludo) ya ce shi ba zai ƙara kai musu hari ba. Masu wallafa Dungeons & Dragons ma sun bi wannan hanya: a 2020 kamfanin Wizards of the Coast ya bayyana cewa zai riƙa nuna ork da drow (elf masu zama a ƙarƙashin ƙasa) a matsayin al'ummomi masu nagari da mugu kamar kowa, kuma a littafin 'yan wasa na 2024 ƙarin makin ƙarfi ko basira ya koma kan tarbiyya da sana'ar jarumi, ba jinsinsa ba.

Malam Na Glorantha:
Ku yi mini uzuri, 'yan'uwa, ina ganin kada mu raina dogon tarihi. Amsar da Mai Taswira ya bayar a take game da alkawari ba daga iska ta zo ba, daga shafukan da ya rubuta ta fito, ko da ba a karanta su a tebur ba. Duniyar Glorantha, wadda Greg Stafford ya ƙirƙira kuma wasan RuneQuest na 1978 ya zauna a cikinta, ta koya mini wannan. A can elf tsirrai ne masu tafiya, dwaf kuma suna kallon duniya a matsayin na'urar da ta lalace wadda aikinsu ne su gyara, kuma kowane jinsi yana da nasa labarin yadda aka fara halitta. Na ari wannan tsari, na ba 'yan wasa biyu takardu daban, kowanne da abin da kakanninsa suka ce game da faɗuwar wani birni, ban kuwa gaya musu cewa labaran sun saɓa ba. Da suka tsaya a kangon birnin, ɗaya ya durƙusa yana girmama wurin, ɗayan ya tofa yawu. Ban yanke musu wanda ya fi gaskiya ba, kuma ban yi niyyar yankewa ba.

Mai Ƙera:
Malam, na yarda da kai, sai dai tarihi na kusa ya fi saurin kama 'yan wasa. A duniyar Eberron ta Keith Baker, wadda aka wallafa a 2004, akwai mayaƙan da aka ƙera da itace da ƙarfe domin yaƙi, kuma wasan yana farawa shekara biyu kacal bayan yarjejeniyar da ta 'yanta su. Ɗan wasana ya ɗauki irin wannan jarumi, sai na sa ya haɗu da tsohon kwamandansa a kan gada, mutumin ya kira shi da lambar da aka buga masa a kafaɗa, ya umarce shi ya ɗauko masa kaya. Ɗan wasan ya tambaye ni ko sai ya jefa dayis kafin ya iya ƙin bin umarni. Na ce a'a, zaɓinsa ne. Ya ɗauki kayan ya kai, sannan ya gaya wa kwamandan sunan da ya raɗa wa kansa, ya kuma nemi ladan dako.