Haƙoran roba masu cirewa, dan Allah wa ya san kansu?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mahaifiyata ce aka cire wa haƙora huɗu, biyu na gaba a sama, sai turame biyu a ƙasa, duk kogo ne ya cinye su ga ciwon dasashi da ta daɗe tana fama da shi. Yanzu ko tsoka ɗaya ba ta iya taunawa sai tuwo da kunu, in dariya ta zo mata sai ta ja mayafi ta rufe baki, abin yana ci min rai wallahi. Likita ya ce a yi mata na roba wanda ake cirewa a mayar, maƙociyarmu kuma ta ce akwai mai sakawa a kasuwa yana manne shi daram a zama ɗaya kuma da araha. Wanne ya fi? Tana da ciwon suga ma, ko zai hana?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa dan girman Allah kar ki kai Mama wajen na kasuwan nan. Roba suke kwaɓawa su liƙe ta a jikin haƙoran da ke gefe, abinci ya dinga shiga ƙarƙashi ba hanyar da buroshi ko asuwaki zai kai, sai wari, sai dasashi ya kumbura yana jini, daga baya masu lafiyan ma su fara girgiɗi. Ƙanin babana haka aka yi masa, da aka je ɓamɓarewa a asibiti haƙora biyu suka biyo robar. Ga mai suga kuma ciwon dasashi ya fi saurin ta'azzara.

Ma'aikacin sashen haƙori:
Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Suga ba ya hana saka na roba mai cirewa, sai dai a tabbatar an daidaita shi kuma a fara maganin dasashin tukuna, don haƙoran da suka rage su ne za su riƙe na robar. In ba a daɗe da cirewa ba likita zai iya cewa a jira wurin ya warke, saboda ƙashin da ke ƙarƙashi yana motsewa a watannin farko, in aka yi gaggawa sai ya zo yana lako-lako.

Kala uku aka fi yi. Akwai na roba zalla, shi ya fi araha kuma in wani haƙorin ya sake fita ana iya ƙara shi a jiki. Akwai mai ƙarfe a ciki da 'yan maƙalai da ke kama haƙoran gefe, ya fi siranta ya fi ƙarko, kuɗinsa ma ya fi. Sai mai lanƙwasa, yana da kyan gani amma gyaransa wahala. Za a cika wani ɗan faranti da abu kamar ƙullu a danna a bakinta a ɗau awo, a zaɓi launin da ya dace da nata, ta dawo gwaji kafin a kammala. In kuna Kano, Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori.

Abin da na fi so ki riƙe: kar ta kwana da shi a baki. Ana kawo mutane sun haɗiye ƙaramin haƙorin roba ya maƙale a maƙogwaro, musamman wanda ya saki ko ya tsage, kuma robar ba ta fitowa sosai a hoton eksire, wani sai an yi tiyata. Ko magani za ta haɗiya in ta ji yana motsi ta cire shi tukuna. Turamen ƙasan ma kar a bar giɓin a ce ai ba a gani, na gefe suna kwantowa ciki, na sama kuma ya dinga zazzagowa.

Gwaggon yara:
Ni da bakina nake ba ki labari, ina da shi a sama. Farko sai miyau ya yi ta taruwa, "s" ma ba ta fita daidai in ina karatu, na ji kamar in jefar, amma ana sabawa. Ta fara da abu mai laushi kamar alale da dankali, tana tauna ta gefe biyu. Da dare in cire in wanke da buroshi mai laushi da sabulu, ba makilin ba don yana kankare shi, in saka a kofi da ruwan sanyi. Ruwan zafi yana lanƙwasa shi. In za ki wanke mata ki tara ruwa a roba a ƙasa, yana faɗuwa kan siminti ya fashe. Goro kam yana rina shi sosai, in tana ci sai haƙuri.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, in ya ji mata ciwo a dasashi fa, mu ɗan goge wurin da kanmu?

Ma'aikacin sashen haƙori:
A'a Hajiya, kar a sa masa reza ko wuƙa. Ta saka shi na 'yan awanni kafin ku zo don mu ga daidai inda yake gurzarta, gyaran 'yan mintuna ne. In kuma kika ga ganɗarta ta yi jawur a ƙarƙashinsa ku zo da wuri, masu suga sun fi kamuwa da wannan.