Session da Hausa: ni dai na tsaya a kan "zama"

Jama'a masu rubuta manhajar yanar gizo ku zo mu kashe maganar nan ta session, don kullum in za a yi wa ɗalibi bayani da Hausa sai a zo nan a cije, wani ya ce seshon wani ya ce lokaci wani ya ce zango, kowa da kiɗansa.

Mu fara da abin kansa tukuna. HTTP, wato ƙa'idar da burauza ke bi ta yi magana da saba (kwamfutar da shafin ke kai), ba ya riƙe kowa a ka, duk buƙatar da burauza ta aika wa saba sabuwa ce fil, ko yanzu-yanzu ka sa kalmar sirri ka danna shafi na gaba to saba ba ta san ka ba. Shi ya sa a 1994 Lou Montulli na kamfanin Netscape ya fito da kuki, ɗan bayanin da saba ke ba burauza ta ajiye. Sai saba ta buɗe maka rajista a wajenta, wane ne kai, me ka zuba a kwandon sayayya, sannan ta ba burauzarka wata doguwar lamba ta adana a kuki, duk sanda ka dawo ka nuna lambar, wannan shi ne session. Kamar mai gadin babura a bakin kasuwa ne, babur na wajensa kai lamba kawai ke aljihunka, kuma duk wanda ya miƙo lambar shi ne mai babur. Kowane kayan rubuta manhaja da sunan da yake ba kukin, a PHP PHPSESSID, a Java JSESSIONID, a Django sessionid.

To wace kalma za ta ɗauki wannan?

Lokaci dai ba ta yi ba sam, ka gwada cewa "an sace lokacinka" ka ji inda maganar ta nufa. Ziyara kuma masu ƙirga baƙin shafi sun riga sun kama ta. Zango na ɗan so ta, amma zangon karatu ranar farawa da ranar ƙarewa a yanke suke kuma na kowa da kowa ne, shi kuwa session naka ne kai kaɗai, kuma a yawancin manhajoji muddin kana motsi ƙara masa rai ake yi.

Zama ita ce ta zauna min. Muna da zaman kotu da zaman majalisa, ana buɗe zama ana rufewa ana tashi, wato ta zo da kayan aikinta ba sai mun ƙera mata komai ba. Ku gwada ta a cikin aiki ku gani.

Lambar nan ta cikin kuki, lambar zama. Inda saba ke ajiye bayanan, rumbun zama, kuma nan ne yawancin sababbin hannu ke faɗuwa domin PHP a fayil take zubawa kan faifan sabar, Express kuma, ta masu rubutu da JavaScript, in ba ka saita komai ba a ƙwaƙwalwar manhajar take riƙewa har ma takan yi maka gargaɗi kada ka fita da shi haka, da ka sake kunna saba kowa ya tashi, in kuma sabobin sun zama biyu mutum ya shiga ta wannan buƙatarsa ta gaba ta faɗa waccan sai a ce masa ya sake shiga. Magani a fitar da rumbun zama waje guda da duk sabobin ke gani, manhajar ajiya irin Redis ko rumbun bayanai. Kun ji yadda jimlar ta tafi ba tuntuɓe.

Sai wa'adin zama. PHP daƙiƙa 1440 ta zo da shi wato minti 24, Tomcat ta Java minti 30, Django har mako 2. Iri biyu ne kuma ya kamata a sa duka, wa'adin shiru in mutum ya daina taɓa komai, da wa'adin ƙarshe wanda ko yana ta aiki dole ya sake shiga. OWASP, ƙungiyar tsaron manhajoji, na ba da shawarar minti 2 zuwa 5 na shiru ga manhaja mai haɗari irin ta kuɗi, 15 zuwa 30 ga sauran. Saƙon da mai amfani zai gani: "Zamanka ya ƙare, sake shiga." Ko kakata za ta gane wannan.

Hijacking kuma satar zama, wato wani ya sace lambar zamanka ya shiga a matsayinka. A 2010 Eric Butler ya saki Firesheep, wani ɗan ƙari a Firefox da ke tsintar kukin mutane a buɗaɗɗen wayfai ka shige Facebook ɗin wani ba tare da kalmar sirrinsa ba, yana cikin abin da ya tura manyan shafuka komawa HTTPS, wato HTTP mai ɓoye saƙo, gaba ɗaya. Secure da HttpOnly da SameSite kam a bar su yadda suke, umarni ne na tsare kuki da ake rubutawa a kod, fassara su ɓata aiki ne. Fixation na ce dashen zama, ɓarawo ya dasa maka lambar da ya riga ya sani kai kuma ka shiga da ita, rigakafinsa sabunta lambar zama daidai lokacin da mutum ya shiga. Logout rufe zama, kuma rufewar a saba ake yi a goge rajistar, share kuki kaɗai bai isa ba tunda mai kwafin lambar zai ci gaba da shaƙatawa.

Shi kansa session management, kula da zama.

Wani zai ce ai zama na nufin komawa wani abu, za a dinga samun "zama ya zama kaza". Gaskiya ne akwai ɗan nauyi a baki amma zaman majalisa ma haka yake kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa. Inda ta fi ba ni wahala shi ne jam'i, in mutum ya shiga ta waya da kwamfuta da wayar ƙaninsa ana so a nuna masa jerinsu ya rufe wanda bai yarda da shi ba. Ni abin da nake sawa a kan maɓallin shi ne "rufe duk zaman da ke buɗe", ya wadatar ba sai an nemo jam'i ba. Malaman Hausa da 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram, in akwai jam'in da kunnenku ya karɓa ku ajiye shi a ƙasa.