Yaranmu masu buƙata ta musamman za su gama sakandare, sai kuma me?

Sakataren ƙungiyar ci gaba, Garki: Assalamu alaikum. Iyaye da malamai, muna da yara uku da za su gama sakandare bana: kurma ɗaya, makauniya ɗaya, da wanda shan inna ya taɓa wa ƙafafu. Abin da muke gudu kowa ya sani, yaro ya dawo gida da takarda, bayan wata shida a gan shi a tasha da ƙoƙon bara. Ta ina za mu fara?

Malamin kurame, Haɗeja: Wa alaikumus salam. Malam, tun suna aji biyar ya kamata a fara, amma ba a rasa ba. A fara da takardu. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma dole sunan da ke kanta ya yi daidai da na NECO ko WAEC harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, shi kaɗai ya isa ya cinye wa yaro shekara. Layin waya ma ya zama na yaron ne, ba na wansa ba, don ta nan lambar rajista take zuwa. A haɗa da takardar shaidar ƙaramar hukuma da ta likitan asibitin gwamnati.

Batun kurman kuma, maganar hannun da ya koya a makaranta tushenta na Amurka ne, ba ita ce ta gida ba. Shi ya sa koyon sana'a yake watsewa a watan farko: ubangida ya yi magana yana kallon wani waje, yaro bai gani ba, a ce taurin kai ne. A zauna da ubangidan tun farko. Ya tsaya a gaban yaron inda akwai haske, ya yi aikin ya gani, sannan ya bar shi ya maimaita. A ajiye littafi da biro a shago. Ɗinki, kafinta da aski suna karɓarsu. Gyaran babur sai an yi hankali, domin rabin aikin da kunne ake gane shi.

Malama mai koyar da makafi, Dutse: Malam Sakatare, in yarinyar tana da sakamako mai kyau kada a yanke mata karatu. Tun 2017 JAMB ta ware wa makafi tsarin jarrabawarsu daban, kuma Jami'ar Bayero na cikin cibiyoyin. Sharaɗin shi ne a bayyana makantar lokacin rajista. In mai shagon kwamfuta ya tsallake wannan gurbi, za a tura ta cibiyar masu gani. Kafin nan a kunna mata TalkBack a wayar Android, tana karanta abin da ke fuskar waya da murya, a kuma zaga da ita da sanda har ta haddace hanyar rijiya, masallaci da bakin titi. Iyaye kan hana wannan don tausayi, tausayin da ke kulle mutum a ɗaki.

Hajiya, shugabar mata, Gumel: Malama, a ƙara da wannan: kada a sa ta haɗa sabulun ruwa don kowa na yi. Sodar da ake jiƙawa tana ƙona fata da ido. Kiwo ya fi mata. Akuya biyu jajaye, a yi musu allurar rigakafin PPR, cutar da ke kashe awaki da tumaki, a kuma ba su maganin tsutsar ciki farkon damina da ƙarshenta. Wata biyar akuya take haihuwa. Amma a damƙa mata su a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta. In ba haka ba, sallah na ƙaratowa wani ɗan'uwa zai kora su Maigatari ranar Alhamis ya ce aro ne.

Mai walda, Ringim: Kan ɗan samarin mai shan inna, keken asibiti mai ƙananan tayoyi a gaba ba na rairayinmu ba ne, nutsewa yake. A yi masa mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, da tayoyi da sarƙar keke na kasuwa, yadda kowane mai faci zai iya gyarawa. A auna faɗin ƙugunsa kafin a yanke ƙarfe. Ƙofar shago ta kai ƙafa uku. In dakali ya kai ƙafa ɗaya tsawo, gangaren ya zama ƙafa 12. Magina kan yi ƙafa huɗu, sai keke ya riƙa juyewa da baya.

Nas, Taura: Kawu mai walda ya bar abu ɗaya, katifar zama. Soso mai kauri, kuma ya riƙa ɗaga jikinsa da hannu duk rabin awa, in ba haka ba gyambo ya fito a mazauni. Masai ma a yi masa kujera mai rami da ƙarfen dafawa. In yana sa takalmin ƙarfe, a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a sake aunawa, don na yarinta ya matse shi yanzu.

Malamin kurame, Haɗeja: Kada a manta dokar masu buƙata ta musamman ta 2018 da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Jigawa kuma tun 2007 ta fara ba su alawus na wata, naira 7,000 a lokacin. A tambaya a ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Hajiya, shugabar mata, Gumel: A tambaya, Malam, amma kada a zauna jiran wannan. Sana'a tukuna, takardar neman aiki tana tafiya a gefe.

Sakataren ƙungiyar ci gaba, Garki: Allah ya saka da alheri. Asabar bayan la'asar za mu zauna da iyayen da yaran su kansu a ƙofar mai unguwa, kowa ya zo da katin NIN. Kawu, ka taho da abin awonka.